Gumin Bututu a Gidan Burodin Ladi

Jiya da yamma ina zaune a bakin shago na ji ɗayanku, ku masu koyon aiki, yana cewa aikin bututun hayaƙi ba wani aiki ba ne, a naɗe fallen ƙarfe, a bi shi da walda, a miƙar da shi sama. Ban tanka ba, don akwai baƙo a wurin. Yau tun da an ɗauke wuta kuma babu mai jiranmu, ku jawo benci ku zauna. Naɗe ƙarfe kowa ya iya. Abin da ke ba mutum abinci a wannan sana'a shi ne sanin ruwan da ke zama a cikin bututu, da yadda za a fitar da shi.

Ni mutumin Tsiga ne, kuma a gidanmu babu wanda ya taɓa riƙe wani ƙarfe da ya wuce fartanya da lauje. Ƙanin mahaifina ne ya kawo ni Funtuwa bayan an gama cirar auduga, ya damƙa ni a hannun Baba Lasisi. Baba Bayarabe ne, ya yi aikin tukunyar tururi a injin gurzar auduga kafin ya buɗe rumfarsa. Ya daɗe a garin nan har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari karin magana. Ranar da aka kai ni ya dubi tafin hannuna, ya ce, "Wannan ya san wahala. Sauran mu ga ko ya san haƙuri."

Na daɗe a wurinsa ban taɓa sandar walda ba. Aikina ɗaukar tsani, nannaɗe igiya, wanke buroshin waya, da tankaɗe toka. Kayan aikin Baba ba su da yawa. Akwai almakashin ƙarfe babba da ƙarami, guduma ta ƙarfe da ta itace, kurfi na huda, tef na awo, da wani guntun layin dogo da muke lanƙwasa falle a kansa. Sai tocila da ɗan madubi irin na mata da ya ɗaure a bakin sanda. Mutane kan yi dariya in sun ga dattijo da madubin kwalliya a jakar aiki. Da shi yake leƙa cikin bututu daga ƙasa ba tare da ya cusa kansa ba, kuma ya fi kula da shi fiye da injin waldan kansa.

Aikin farko da ya tafi da ni shi ne gidan burodin Mama Emeka, wata mata 'yar ƙabilar Ibo da ke bayan kasuwa. Tandarta ta bulo ce, irin wadda ake hura wa itace, da dogon bututun bulo da ya fita ta rufi. Ta tare mu a ƙofa tana faɗa, wai ruwan sama na shiga mata tanda, ta kira kafinta ya toshe rufi amma a banza. 'Yarta ƙarama tana maƙale da zanenta. An haifi yarinyar ranar Lahadi a nan Funtuwa, maƙwabta suka sa mata Ladi, sunan kuma ya bi ta har ya danne wanda iyayenta suka raɗa mata.

Baba ya bar ta ta gama, sannan ya ce, "Madam, yaushe rabon da a yi ruwa a garin nan?"

Lokacin sanyi ne, an daɗe da gama kaka.

"To daga ina yake zuwa?" in ji ta.

Akwai tukunyar shinkafa a kan murhu a tsakar gida. Baba ya je ya ɗaga murfin, ya karkata shi, ruwa ya gangaro ya ɗiga ƙasa. Ya ce, "Wannan ma ba daga sama ya zo ba."

Wannan shi ne tushen sana'ar, ku riƙe shi. Babu itacen da ba shi da ruwa a jikinsa, ko da ya bushe ƙayau. In ya ƙone, ruwan ya bi hayaƙi ya tashi. Muddin bututu na da zafi har sama, zai fice ba wanda ya gan shi. In kuwa ya haɗu da bango mai sanyi, sai ya kwanta a jiki, ya yi gumi kamar na murfin tukunya. Gumin nan ya wanko kunkunniyar da ta taru a ciki, ya sauko baƙi ƙirin, mai kauri, mai warin tsami. Yana cin ƙarfe, yana cin simintin da ke tsakanin bulo. In ya samu hanya zuwa tanda, burodi ya ɗauki ɗaci.

Abin da muka yi wa Mama Emeka shi nake yi har yau. Muka naɗe bututun ƙarfe muka zura shi cikin na bulo, Baba yana kiransa rigar ciki. Tazarar da ke tsakaninsu muka cika da tokar buntun shinkafa, wadda na yi ta tankaɗewa ina ƙunƙuni. Tokar ce ke riƙe zafi, ta rage gumin. Amma duk yadda ka yi sai ya yi gumi, musamman da safe lokacin da aka fara hura wuta. Don haka a gindin rigar, ƙasa da inda hayaƙin tanda yake shigowa, muka sa wani kwano mai ɗan gangara. Duk abin da ya sauko a nan yake tsayawa. Daga mafi ƙasan kwanon muka fitar da siririn famfo zuwa waje. A tsakiyar famfon akwai gwiwa, wato lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa koyaushe. Ruwan gwiwar nan shi ke hana iska mai sanyi shiga ta ƙasa ta kashe jan hayaƙi. Bakin famfon kuma ya faɗa cikin rami da muka haƙa muka cika da toka da tsakuwa. Ba a sakin baƙin ruwan nan a kwata. Kaji na sha, yara na wasa, kuma in ya bi gindin katanga sai ya cinye ta. Toka na kashe kaifinsa.

A wannan aikin ne ya koya mini haɗa gaɓa. Rigar ciki ba guda ɗaya ba ce, gaɓa-gaɓa ce, ana cusa bakin ɗaya cikin ɗaya. Kafin mu fara ya tambaye ni, "Haruna, wanne zai shiga cikin wanne?"

Na ce, "Na ƙasa zai shiga cikin na sama, Baba, don kada hayaƙi ya fita ta gefe."

Ya haɗa guda biyu yadda na faɗa, ya tsayar da su, ya ɗauko butar alwalarsa ya tsiyaya ruwa a jikin bangon ciki. Ruwan ya gangaro, da ya iso mahaɗa sai ya fito waje ya jiƙa mini ƙafa. Ya juya su, na sama ya shiga cikin na ƙasa, ya sake zubawa. Ko ɗigo bai fita ba, duk ya bi ciki ya sauka.

Ya ce, "Hayaƙi ya san hanyarsa, sama zai tafi. Ruwa ne ba shi da kunya, shi ake yi wa hanya."

Da yawa daga cikin bututun da nake gyarawa a Funtuwa da Malumfashi, masu walda ne ƙwararru suka yi su. Ɗinkinsu ya fi nawa kyau. Amma sun haɗa gaɓa a juye, ruwa yana zuba cikin toka, cikin bulo, ba wanda ya sani sai ranar da katanga ta yi baƙi daga waje.

Masu kiranmu iri-iri ne. Akwai masu gidan burodi, akwai masu turara shinkafa a Kafur da ƙauyukanta, akwai masu matsar man gyaɗa. Masu burodi sun fi gaggawa, don tanda in ta huce kwana ɗaya ma asara ce. Masu shinkafa sun fi gardama. Ba na manta wani Alhaji Mamman a Malumfashi, mai babbar tukunyar turara shinkafa da yake hurawa da buntu. Ga hayaƙin buntu, ga tururin shinkafa, bututunsa kullum sharkaf. Da na ɗauko kurfi zan huda gindinsa, ya riƙe mini hannu.

"Malam Haruna, na kira ka ka toshe mini yoyo, kai kuma za ka ƙara mini rami?"

Na ce, "Alhaji, randar gidanka in ta cika, ta ina ake so ruwa ya fita? Ta inda ka zaɓa, ko ta inda ya ga dama?"

Ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin an yi maganin huda da huda ba."

Na roƙe shi ya bar ni zuwa safiya. Washegari na same shi tsugune a bakin ramin toka, yana kallon famfon yana ɗiga. Ya ɗago ya ce, "Duk wannan a cikina yake kwana?" Yana nufin bututun, amma ma'aikatansa suka riƙe maganar, har yau in na je suna tsokanarsa da ita. Shi ne ya haɗa ni da rabin masu shinkafar yankin.

Da idanun Baba suka yi rauni saboda hasken walda, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi gida. Ya bar mini rumfar da kayan aikin. Na yi shekaru ina aiki lafiya, na yi aure, na gina ɗakunana, na sayi babur. Mama Emeka ma ta rasu, Ladi ta gaji gidan burodin, kuma duk shekara kafin damina nakan je in wanke rigar ciki, in duba gwiwa, in sauya tokar rami.

Sai shekarar wahala ta zo. Wasunku sun tuna ta. Fulawa ta yi tashin da ba a taɓa gani ba, hanyoyin daji suka lalace da rashin tsaro, masu kawo itace suka daina shiga nesa. Gidajen burodi suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai rufe ba, ba ya tunanin gyaran bututu. Sai in wuni a rumfa ba wanda ya leƙo ko da gyaran murhu. Da ruwa ya sauka na kulle rumfar, na koma Tsiga na shuka masara a gonar gado. A wannan shekarar ban je wa kowa wankin bututu ba, ba kuma wanda ya neme ni.

Ana tsakiyar marka, ina gona ina zuba taki, Ladi ta kira ni a waya.

"Malam Haruna, don Allah in kana da hali ka shigo. Ban san abin da ya samu tandar nan ba."

Na shigo washegari da hantsi. Tun daga ƙofa na ji warin. A cikin zaure ga burodi jibge a kan tebur, wanda masu shayi suka mayar. Akwai mutum ɗaya zaune a benci, Malam Garba mai shayi na tashar mota, wanda tun zamanin mahaifiyarta a gidan yake ɗauka. Muka gaisa. Ya gutsuro burodi ya miƙo mini, na sa a baki na ji ɗaci a maƙogwaro kamar an shafa kwalta.

Malam Garba ya ce, "Ni ba na son in bar gidan nan, Malam Haruna. Amma direba in ya tofar da burodi a gaban teburina, gobe ba zai dawo ba."

Ladi ta ce, "Ba laifinka ba ne, Baba Garba. Ni ma ba zan ci ba."

Na tambaye ta da me take hura wuta. Ta nuna mini ɗanyen itacen darbejiya da aka sassaro a cikin gari, da buhunan totuwar masara da ruwa ya taɓa. Na tambaye ta sau nawa take gashi. Ta ce da kullum ne, yanzu sai ta samu fulawa, wani lokaci tanda takan yi kwanaki a kwance. To ga ɗanyen itace, ga sanyin marka, ga bututu da ke hucewa har ƙashinsa kafin a sake hurawa. Na san gumin zai yi yawa. Amma ai don irin wannan muka sa kwano da famfo. Na zagaya baya na tone ramin toka. A bushe yake, in ban da damshin ruwan sama. Bakin famfon ma ƙayau.

Na buɗe ƙofar shara da ke gefen bututu, na zura madubi na haska tocila. Ruwa ne kwance, ya cika kwanon, ya haura har ya kai bakin da hayaƙi ke shigowa, yana komawa cikin tanda. Na koma waje na zura waya a famfon. Ba ta yi nisa ba ta tokare. Na murza na ja, sai ga jar laka da 'yan tsutsotsi a busashe. Zanzaro ne. Da tanda ta daina aiki kullum, famfon ya huce, ruwan gwiwa ya ƙafe, shi kuma ya samu ɗaki mai duhu ya gina gidansa, ya liƙe shi tamau. Da na fasa, ruwan ya ɓalle ya cika bokiti ya zuba.

Ladi ta ce, "Shi ke nan? Zanzaro ne ya kusa rufe mini gida?"

Na ce, "Bari mu ga ɓarnar da ya bari tukuna."

Na sa hannu ta ƙofar shara na taɓa kwanon. Yatsana ya wuce ta cikinsa kamar busasshen ganye. Gaɓar farko ta rigar ciki ma ta ruɓe. Ruwan ya shiga bulon tanda ta gefe ɗaya, kuma shi ne in wuta ta kama yake tashi ya shiga burodi. Na gaya mata gaskiya. Sai an sauya kwano da gaɓar ƙasa, an kankare bulon da ya sha ruwa, an busar da tanda a hankali. Kafin nan, duk abin da ta gasa ɓata fulawa ne.

Ta zauna a kan buhu. Ta ce fulawar da ta rage mata ta gashi kaɗan ce, kuma yayanta Emeka yana ta kira daga kudu cewa ta sayar da wurin ta koma can.

"Me zan je in yi a can, Malam Haruna? A nan aka binne cibiyata. In na yi yarenmu a can dariya suke yi mini, wai da Hausa nake yinsa."

Na ce, "To ki ajiye fulawar. Kada ki taɓa ta sai na ce."

Matsalar farko ƙarfe. Sabon falle mai kauri a shekarar nan ba abin da za a tunkara ba ne, kuma mai laushi ba zai yi damina biyu ba. Na shiga wurin 'yan gwangwan na yi ta tonon tarkace. A ƙarƙashin wasu tsofaffin kujerun mota na ga tanki na ƙarfen silba, irin na kwanon abinci, wanda ba ya tsatsa. Daga wani gidan ruwan leda da ya rufe aka kawo shi. Ya lotse ta gefe, amma gindinsa lafiya lau, kuma dama a ɗan zurfafe yake kamar an yi shi don aikin. Na ɗora shi a babur na kawo.

Matsala ta biyu wuta. Babu lantarki, man janareta kuma sai wanda ya gani. Silba ma ba da kowace sanda ake waldansa ba. Sai na koma aikin hannu irin na Baba. Na yanka da almakashi, wanda sai da ya kumbura mini hannu, don silba taurin kai gare shi. Na lanƙwasa bakin a kan layin dogo, na kama baki cikin baki na daddale da gudumar itace, na bi shi da ƙusar ribit. Wannan ɗinkin ba ya buƙatar wuta, kuma in an yi shi daidai ruwa ba ya bi. Ku da kuke jin in an ɗauke wuta aiki ya tsaya, ga shi nan.

Abin da ya fi haɗari shi ne cire gaɓar ƙasa. Duk sauran rigar a kanta take zaune. In ka yanke ta ba ka rataye na sama ba, nauyin zai sauko a kan hannunka, ya kuma fasa bakin tanda. Na hau rufi, kwanon rufi yana santsi da ruwan safe. Na huda saman rigar gefe da gefe, na zura rodi mai kauri ya zauna a kan bakin bulo. Na ƙara da igiya, na ɗaura ta a saman rigar, na jefo ɗaya bakin ƙasa. Ma'aikatan Ladi duk sun watse neman abinci, saura mutum ɗaya mai kwaɓa fulawa. Malam Garba ya tuɓe babbar rigarsa ya ce shi zai riƙe.

Na ce, "Malam Garba, da nauyi fa."

Ya ce, "Wanda ya yi shekaru yana ɗaga tukunyar shayi a tafashe? Ba ni nan."

Muka fasa bulo kaɗan a gindi, muka kwashe toka, na kwanta a gefe na zura hannu ina yankan ruɓaɓɓen ƙarfe. Ina cikin cire yanki na ƙarshe na ji ƙara daga sama, toka ta zubo mini a fuska. Bulo ɗaya da rodin yake kai ya marmashe, rigar ta zame kamar tsawon taƙi. Igiyar ta miƙe, ta ja Malam Garba da mai kwaɓin har jikin katanga, amma ba su saki ba. Bakin ƙarfen ya tsaya dab da wuyan hannuna. Na zare hannun a hankali.

Ladi ta ce, "A bar shi, Malam Haruna. Burodi bai kai hannu ba."

Na ce, "Ya riga ya tsaya. A ba ni katako in tokare."

Na sake hawa na sa katako mai kauri ƙarƙashin rodin ta kowane gefe, muka ɗaga rigar ta koma wurinta. Daga nan aiki ya tafi daidai. Sabuwar gaɓa ta shiga, ta sama a cikin ta ƙasa. Kwanon silba ya zauna da gangararsa. Na sa sabon famfo mai ɗan faɗi, na cika gwiwa da ruwa daga buta, na mayar da toka da bulo. A bakin famfon na ɗaura 'yar ragar waya. Tun daga ranar ban sake sa famfo ba tare da raga ba, kuma nakan gaya wa mai wuri in tanda za ta kwanta ya riƙa zuba ruwa kofi ɗaya a gwiwa.

Saura busarwa, kuma a nan ne haƙuri yake. Na shiga cikin tanda na kankare bulon da ya yi baƙi, wanda ya ruɓe na sauya. Sai ƙaramar wuta, ta busasshen karan dawa da na roƙo a wurin wani mai shinge. In ka hura babbar wuta a kan jiƙaƙƙen bulo tsagewa zai yi. Kullum da safe in zo in hura, in sa hanci a bakin tanda. Ladi takan tsaya a bayana.

"Yau fa?"

"Da saura."

Ta fara shanya itacenta a ƙarƙashin rumfa, tana jera na gobe a jikin tanda don ɗumi ya busar da shi. Ran nan na shinshina na ji ƙamshin bulo mai zafi kawai. Na ce ta kwaɓa, amma kaɗan.

Ba ta ji ba, ta kwaɓa duk abin da ya rage. Ta ce in ya ɓaci gara ya ɓaci gaba ɗaya ta san matsayinta. Aka hura wuta bayan asuba. Ni ina baya a tsugune bakin rami. Da bututu ya fara ɗumi, famfon ya soma ɗiga, ɗis, ɗis, cikin toka, daga baya ya tsaya da zafi ya kai sama. Haka ake so.

Malam Garba ya iso da akwatin katako a bayan kekensa, ana fitar da farantin farko. Bai jira ya huce ba. Ya ɗauki ɗaya ya raba biyu, ya shinshina tsakiyar, ya gutsura ya tauna a hankali, ya haɗiye. Ya sake gutsura daga ƙasan, inda ɗaci ya fi kamawa. Ladi tana tsaye da tsumma a hannu.

Ya ce, "Ladi, cika mini akwatin. In na je tasha zan gaya wa su Sale da sauran masu shayi su zo su ɗauki nasu."

Kafin azahar ba ko ɗaya a kan tebur. Da abin da ta samu ta sayi fulawa, ta sake gasawa, a haka ta lallaɓa har shekarar ta wuce. Ni ma aikin nan shi ya dawo da ni gari. Masu burodin da suka rage suka ji labari, kowa ya ce in zo in duba nasa, kuma a wurare da dama zanzaro na tarar. Masarar Tsiga ƙanena ne ya ƙarasa nomanta.

Bara Ladi ta sayi tanda ta zamani mai aiki da gas, ta faɗaɗa wurin, ta ɗauki ma'aikata fiye da na zamanin mahaifiyarta. Ta kira ni in sauke tsohon bututu don za ta yi ɗakin ajiya a wurin. Muka sauke shi gaɓa-gaɓa. Na sama duk sun yi tsatsa, amma kwanon silba da na wanke shi da toka sai ya fito fes, ɗinkin ko motsi bai yi ba. Na ce mata ga kayanta. Ta ce, "Ni me zan yi da shi, in dafa miya? Kai shi inda zai yi aiki."

Yanzu yana Kafur, a gindin bututun wata Hajiya mai turara shinkafa, kuma har yau yana ɗiga ta inda aka ce ya ɗiga. Gobe zan je in wanke mata rigar cikin bututun in sauya tokar rami kafin ruwa ya sauka. Babur na ɗaukar mutum ɗaya bayan kayan aiki. Wanda zai bi ni ya sa tsofaffin tufafinsa, don baƙin ruwan nan in ya taɓa riga ba ya fita a wanki.